Yadda Ake Kallon Tsuntsaye da Malam-buɗe-littafi a Gaɓar Tekun Kudancin Ingila a Ƙarshen Bazara

Daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, lokacin da ake cikin marka a gida har gero ya soma nuna, su kuwa a Ingila bazararsu ce take naɗe tabarma. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune can, ko baƙon da ya je hutu, in yana son koyon kallon tsuntsaye da malam-buɗe-littafi a fita guda, ba shi da makonnin da suka fi waɗannan. Ƙananan tsuntsayen da suka yi ƙyanƙyasa a Birtaniya suna gangarowa bakin tekun kudu, su tsaya su ci su yi ƙiba kafin su tsallaka zuwa Afirka. A daidai lokacin ne kuma wasu irin malam-buɗe-littafi ke fitar da zubinsu na biyu na shekara a kan tuddan alli.

Hanya ɗaya za mu bi a matsayin misali: daga Exceat a gangara kwarin kogin Cuckmere zuwa bakin teku, a hau tuddan da ake kira Seven Sisters, a sauka Birling Gap. Duk suna East Sussex, tsakanin garin Seaford da Eastbourne, tafiyar kimanin kilomita 6. A ɗan wannan tsakani akwai kogi da taɓo da sarƙaƙiya da makiyaya da teku, kuma bas yana ajiye mutum a bakin hanyar. Tsarin yinin shi ne: sassafe na ƙananan tsuntsaye ne, hantsi na bakin ruwa, tsakar rana ta malam-buɗe-littafi. Wanda ya birkita wannan jeri zai sha tafiya ya dawo yana cewa ba komai a wurin.

Kayan aiki

Madubin hangen nesa shi ne jarin farko. A jikinsa za ka ga lamba biyu, kamar 8x42 ko 8x32. Ta farko tana nuna sau nawa yake jawo abu kusa, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai 8 ya wadatar. Sabon shiga yakan ruɗu ya sayi mai 12 ko 16, yana zaton babbar lamba ita ce inganci, sai ya tarar hoton yana rawa a hannunsa, filin da yake gani ya ƙuntata, kafin ya lalubo tsuntsun ya tashi. Tun a shago ka gwada abu ɗaya: dubi wani abu mai nisan mita 2. In ya fito tangaran, madubin zai yi maka aikin malam-buɗe-littafi ma. In sai a mita 4 ko 5 yake kamawa, kullum cikin ja da baya za ka kasance.

Rashin madubi kada ya hana ka fita. Malam-buɗe-littafi da ido ake ganinsa, manyan tsuntsayen ruwa ma haka. Wasu gandayen ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB kuma suna ba da hayar madubi na yini, ka gwada kafin ka kashe kuɗi.

Sai ƙaramin littafi mai hotunan tsuntsayen Birtaniya kaɗai. Wanda ya haɗa na Turai gaba ɗaya zai cika maka ido da irin da ba za ka taɓa gani a Sussex ba. A waya ka sauke manhajar Merlin don tsuntsaye da iRecord Butterflies don malam-buɗe-littafi, duk kyauta ne, amma ka sauke bayanansu tun a gida domin sabis yakan ɗauke a cikin kwarin. Tunda littafin da manhajojin da sunan Turanci suke aiki, da shi za a ambaci yawancin irin a nan.

Ragowar kayan: ɗan littafin rubutu da fensir, don biro yakan ƙi rubutu a takarda mai danshi, takalmi mai kama ƙasa, dogon wando da safa, rigar ruwa mara nauyi ko da gari ya waye garau, hula, ruwa lita ɗaya da rabi, da ƙarin na alwala, guzuri kamar dabino da burodi, domin daga Exceat ba wurin sayen komai sai Birling Gap, da ɗan hantsaki mai siririn baki don cire kaska. Tufafi su zama ruwan ƙasa, ruwan toka ko kore mai duhu. Farar shadda da duk abin da iska za ta riƙa kaɗawa a bar su a gida. Mace ta sa hijabi mai duhu ta cusa gefensa cikin riga, don iskar saman tuddan ba ta da sauƙi.

Mataki na 1: Zaɓen rana

Abu biyu za ka duba: hasashen yanayi na Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya, da jadawalin cikowar teku na garin Newhaven da ke kusa da Seaford, ko na Eastbourne.

Malam-buɗe-littafi ba ya tashi sai jikinsa ya ɗumama. Ma'aunin da masu ƙidayarsa a Birtaniya ke bi tun 1976 shi ne mafi sauƙin aro: a fita tsakanin 10:45 da 3:45, in zafi yana tsakanin digiri 13 da 17 sai da rana a akalla kashi 60 cikin 100 na lokacin, in ya haura 17 ana iya yi ko da gajimare, muddin ba ruwa, in kuma iska ta kai ƙarfin da ƙananan itatuwa ke rangaji, a haƙura. Tsuntsaye masu ƙaura kuwa wani yanayi suke so. Yawancin ƙananan da dare suke tafiya. In dare ya fara garau, sannan kafin asuba hazo ko yayyafi ya tare su a bakin teku, sai su sauka cikin ƙayoyi su jira. Ranar da ta fi kowace ke nan: safiya mai lumshi da ta washe wajen ƙarfe 10. In aka kwana uku ana iskar yamma mai ƙarfi, ɗaga fitar.

Teku tana cikowa sau biyu a kwana ɗaya, tsakaninsu kimanin awa 12 da minti 25, don haka kowace rana lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Wata ne ke jan ta, kuma wanda ke bin lissafin watan Musulunci ya riga ya sami rabin jadawalin: babbar cikowa tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da bayan cikarsa, kuma a wannan gaɓar wajen tsakar rana take faɗowa. Saboda haka daga 13 zuwa 16 ga wata, ko ƙarshen wata zuwa 2 ga sabo, ruwa zai riƙa hawa da hantsi, daidai lokacin da kake bakin kogi. A lura, wasu jadawalin da agogon GMT ake buga su. A bazara Ingila tana gaba da shi da awa ɗaya, wato daidai da agogon Najeriya da Nijar, sai ka ƙara awan da kanka.

Mataki na 2: Saita madubi tun a gida

Ido biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba, shi ya sa aka sa wani zobe, galibi a bututun dama. Nemi allon rubutu mai nisan mita 30 ko makamancin haka. Rufe gilashin gaba na dama da murfinsa, ka murza dabaran tsakiya har rubutun ya fito wa idon hagu. Sannan ka mayar da murfin hagu, kada ka sake taɓa dabaran, ka murza zoben kaɗai har ya fito wa idon dama. Shi ke nan, ka riƙe alamar da ya tsaya. Lanƙwasa bututun biyu har da'ira biyu su zama ɗaya. Mai sa tabarau ya murza kofunan ido su koma ciki, marar tabarau ya fito da su. Ciwon kai bayan kallo yawanci daga rashin wannan saiti yake.

Sai gwajin da ya fi muhimmanci: ka kafa wa abu ido, ka ɗago madubin zuwa idonka ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Yi haka sau ashirin da tattabarun unguwa. Wanda ya saba duba madubi kafin ya ɗaga shi, kullum reshe zai riƙa gani babu tsuntsu.

Mataki na 3: Sammako da bin sarƙaƙiya

A ƙarshen Agusta rana tana fitowa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, kuma awa uku na farko su ne na ƙananan tsuntsaye. Jirgin ƙasa daga tashar Victoria ta Landan zuwa Eastbourne kimanin awa ɗaya da rabi ne, daga nan bas mai lamba 12 da ke zirga-zirga tsakanin Eastbourne da Brighton zai sauke ka a Seven Sisters Country Park. Wanda ya iya kwana a Seaford ko Eastbourne ya fi cin riba. In ba hali, isa kafin ƙarfe 9 bai ɓaci ba.

Ka san wani abu tun yanzu, don kada gwiwarka ta yi sanyi: a wannan lokaci tsuntsaye sun daina rera waƙa. Aure ya ƙare, suna canjin gashi, kuma da yawa daga waɗanda za ka gani 'ya'yan bana ne, launinsu bai nuna kamar hoton littafi ba. Sashen Merlin mai gane murya, wanda ke abin mamaki a watan Mayu, yanzu taimakonsa kaɗan ne. Da motsi za ka kama su.

Bi gefen sarƙaƙiyar da rana ta fara bugawa, rana tana bayanka. Taku goma, ka tsaya, ka ƙirga talatin a zuci. Nemi inda 'ya'yan itace suka nuna, musamman ƙayar nan mai baƙaƙen 'ya'ya da ake kira bramble da kuma ƙaramin itacen da ake kira elder, domin su ne mai da tsuntsayen ke sha kafin doguwar tafiya. In ka sami irin wannan wuri, zama na minti goma ya fi tafiyar kilomita. Ga waɗanda za ka fi cin karo da su.

Whitethroat bai kai gwara kauri ba, maƙogwaro fari, fiffike da jan ƙasa-ƙasa, wutsiya doguwa, yana leƙowa daga ƙaya ya koma. Willow warbler ɗan mitsitsi ne, na bana cikinsa rawaya ne sosai. Redstart da wutsiya ake gane shi, ja ce kamar garwashi, kuma kullum tana karkarwa. A kan waya ko turken shinge duba whinchat mai farar gira. Da ɗan'uwansa stonechat ake rikita shi, wanda ba shi da girar, kuma shi mazauni ne, kukansa kamar an gwara tsakuwa biyu. A gajeriyar ciyawa kuwa, tsuntsun da ya tashi gabanka ƙasa-ƙasa ya nuna farin ƙugu fat, ya sauka kan dutse ya miƙe tsaye, wheatear ne. In akwai shanu, duba tsakanin ƙafafunsu: yellow wagtail na nan yana kama ƙwarin da suke tayarwa, yana kaɗa wutsiya.

Duk waɗannan, ban da stonechat, kudu da Sahara suke cin rani. A 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka tarar sama da kashi biyu cikin uku na whitethroat ba su dawo ba, da aka bi sawu sai aka gano farin da ya afka wa Sahel ne ya cinye su. Sai dai kada a yi saurin cewa wanda ka gani a Sussex shi ne zai sauka Nguru. Na Birtaniya sun fi karkata yamma, wajen Senegal da Gambiya da Mali. Iri ɗaya ne da namu, gidan ne daban.

Mataki na 4: Yadda ake karanta tsuntsu

Kuskuren kowane sabon shiga shi ne buɗe littafi tsuntsu yana gabansa. Littafi ba ya tashi, tsuntsu yana tashi. Kalle shi har ya tafi, kana amsa tambayoyin nan bi da bi. Girmansa: gwara, kurciya ko hankaka? Bakinsa: siriri na cin ƙwari, kakkaura na fasa tsaba, ko dogo na tonon taɓo? Ƙafafu da wutsiya fa? Me yake yi, kuma a ina yake? Launi shi ne na ƙarshe, don haske yana ƙarya: tsuntsu ɗaya zai fito ruwan toka a inuwa, ruwan ƙasa a rana, baƙi ƙirin in rana tana bayansa. Rubuta abin da ka gani da kalmominka, sannan ka buɗe littafi. In ka fara da hoton, idonka zai ƙara wa tsuntsun alamun da ba shi da su.

Ana nuna wa abokin tafiya tsuntsu da baki, a hankali: itacen da ke dama da ƙofa, reshen ƙasa. Miƙa hannu yana korarsa.

Mataki na 5: Kogi da taɓo

Daga Exceat zuwa bakin teku akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya ta kimanin kilomita 2. Ruwan da za ka fara gani yana lanƙwashe-lanƙwashe tsohuwar hanyar kogin ce, wadda aka datse a ƙarni na 19, don haka ba ya hawa da sauka kamar miƙaƙƙen kogin da ke can gefen yamma. A miƙaƙƙen ne taɓo ke buɗewa in teku ta janye. Awa biyu zuwa uku kafin cikowa ruwa yana turo tsuntsayen kusa da kai. In ya janye sarai sun warwatsu, in ya cika maƙil sun koma gefe sun cusa baki a fiffike, ba ka ganin abin da za ka gane su da shi.

Fara da na gida. Zalɓe na nan, shi ne dai wanda ka sani a fadama. Farin tsuntsu mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu amma yatsu rawaya, little egret ne, ba belbela ba. A 1996 ya fara ƙyanƙyasa a Ingila. Belbelar ainihi, mai gajeren baki rawaya, sai 2008 ta fara, kuma a 'yan shekarun nan akan gan ta bayan shanu a kudancin ƙasar. Abin da ba ka ɗaga kai ka kalla a hanyar Wudil, a nan za ka tarar mutane sun kafa masa manyan kyamarori.

Masu tonon taɓo su ne masu wuya. Koyi huɗu kawai a fitar farko. Oystercatcher baƙi da fari ne, baki kamar karas, ga surutu. Redshank jajayen ƙafafu gare shi, kuma shi ke fara ihu ya tashi sauran. Common sandpiper ƙarami ne, gindinsa ba ya daina rausaya, yana tashi dab da ruwa da fiffike a sanƙare. Curlew babba ne mai dogon baki lanƙwasasshe. In ka ga mai kama da shi amma ya fi shi ƙanƙanta, da ratsi a ka, whimbrel ne mai wucewa. Sauran ka rubuta kamanninsu ka bar su sai wata fita. Kada ka tsaya tsaye a saman gaɓa inda sararin sama ke bayanka; ka zauna ko ka jingina da wani abu. In tsuntsaye suka ɗaga kai suka daina ci, ka matso da yawa.

Gargaɗi: kada ka yi ƙoƙarin ƙetare bakin kogin da ƙafa don zuwa ɓangaren Seaford. Ruwan yana da ja kuma tsakuwar tana zamewa. Gada tana can Exceat.

Mataki na 6: Malam-buɗe-littafi a kan tudu

Wajen ƙarfe 11 sai a hau. Bi alamar hanyar ƙafa mai suna South Downs Way. Birtaniya gaba ɗaya iri 59 take da su, alhali Najeriya tana da sama da 1,000, saboda haka koyon na nan ba abin tsoro ba ne. A rana mai kyau iri goma zuwa sha biyar abu ne mai yiwuwa.

Ba a saman tudu suke ba, can iska ce. Nemi gangaren da ke fuskantar kudu, ko ɗan kwarin da ke tsakanin tudu da tudu, inda ciyawa gajeriya ce saboda tumaki da zomaye, ga furanni masu launin shuɗi da ruwan hoda. Ka tsaya wurin furen, su za su zo. In za ka matsa kusa, ka'ida uku ce: kada inuwarka ta faɗa kansa, ka rage tsawo, ka tafi a miƙe a hankali ba gefe da gefe ba. Lokacin da gajimare ya wuce rana ta sake fitowa shi ne na zinariya, don a nan suke buɗe littafin su sha ɗumi. Da rana ta ƙwalle sosai sai yawo, ba sa zama.

Masu shuɗi uku ne ke rikita mutane, kuma mazan ake fara koyo. Chalkhill blue ya fi girma, shuɗinsa fari-fari ne kamar an wanke bula, da baƙin gefe. Common blue shuɗinsa ya ɗan karkata zuwa shuni, farar gezar fiffikensa ba ratsi. Adonis blue kuwa in ka gan shi ba ka tambaya, shuɗi ne mai walƙiya, amma hujjar ita ce siraran baƙaƙen layuka da suka ratsa farar gezar. Tsutsar Adonis da ta chalkhill ganye ɗaya tak suke ci, wata 'yar ciyawa mai fure rawaya da ake kira horseshoe vetch, wadda a nan sai ƙasar alli take yi. Dalilin da ya sa ba ka ganinsu a lambun Landan ke nan. Matansu yawanci ruwan ƙasa ne, kuma bambance matar Adonis da ta chalkhill yana ba ƙwararru ma wuya. Ɗauki hoton sama da na ƙasan fiffike, in bai fito ba ka rubuta "mace, ba a tantance ba".

Masu ruwan ƙasa sun fi sauƙi. Duba baƙin ɗigon da ke fiffiken gaba kamar ido: meadow brown yawanci farin ɗigo ɗaya ne a cikinsa, gatekeeper biyu, kuma shi ya fi ƙanƙanta ya fi ruwan goro, yana ƙarewa da ƙarewar Agusta. Small heath ƙarami ne, ba ya taɓa zama da fiffike a buɗe. Wanda ke sauka kan tsurar ƙasar hanya, ya tashi ya sake sauka gabanka kamar ɗan jagora, wall brown ne. Wani ɗan dunƙule mai gudu dab da ƙasa, wanda ido ke kasa bi, in ya sauka ka ga fararen ɗigo a ƙasan fiffike mai kore-kore, silver-spotted skipper ne, kuma samunsa abin rubutawa ne don wurarensa kaɗan ne a ƙasar.

Sai baƙi masu tsallako teku. Clouded yellow launin ƙwanduwar ƙwai ne, yana gudu a miƙe, in ya sauka ya rufe fiffike. Wata shekara su yi yawa, wata shekara da ƙyar a ga ɗaya. Red admiral baƙi ne da jan ratsi da fararen ɗigo. Painted lady ruwan goro ne mai haske, bakin fiffiken baƙi da fari. Shi wannan ɗin yana yin zagayen da ya kai kusan kilomita 14,000 tsakanin Afirka da arewacin Turai, ba ɗaya ke yin tafiyar duka ba, a'a jika da tattaɓa-kunne ne ke ƙarasa ta, har zubi shida. An daɗe ana zaton sanyi ne ke kashe su a Ingila, sai a 2009 na'urar rada ta nuna suna komawa kudu ta can sama, mita ɗaruruwa, inda ido ba ya kaiwa. An kuma same su suna hayayyafa a Chadi da Benin da Senegal a ƙarshen damina.

A wannan lokaci da yawa sun tsufa, fiffike ya yage, launi ya koɗe, sai tsohon common blue ya yi kama da chalkhill. Gezar da girman za ka duba. Kada ka kama shi da hannu, garin da ke mannewa a yatsa ƙananan ɓawon fiffikensa ne kuma ba sa sake tsirowa. Kada kuma ka tattake furen don neman hoto. Mai son hoto mai kyau da waya ya jira bayan la'asar, lokacin da masu shuɗin ke taruwa kan dogayen ciyayi, kai a ƙasa, suna shirin kwana. A nan har taƙi ɗaya za ka matsa ba su motsa ba.

Idan rana ta ƙi fitowa, duba kawunan ciyayi a wurin da iska ba ta bugawa, za ka same su a lafe. Idan kuma ba ka iya hawan tudu, gangaren da ke gefen hanyar kwarin ma yana da rabonsa.

Mataki na 7: Bakin gaɓa

Nan ne wurin da ganganci ke kisa. Bangon alli ne, yana zubewa ba sanarwa, kuma sau da yawa ciyawar bakin tana rataye ne ba komai a ƙarƙashinta. Babu shinge. Bar akalla mita 5 tsakaninka da bakin, kuma kada ka taɓa yin taku madubi yana idonka: ka tsaya, ka kalla, ka sauke, sannan ka motsa. Hasumiyar Belle Tout da za ka hango gaban Birling Gap, a 1999 sai da aka ja ta baya mita 17 don teku ta kusa cin gindinta. In ka sauka matakalar Birling Gap, kada ka zauna a gindin bangon, kada kuma ka yi nisa ruwa yana hawa, zai datse maka hanyar dawowa. In wani abu ya faru a kira 999 a ce ana neman Coastguard, wato masu ceto na bakin teku.

Daga inda ka zauna lafiya, duba sama da teku. Tsattsewa iri-iri suna bin gaɓa ayari-ayari: swallow mai wutsiya kamar almakashi, house martin mai farin ƙugu, sand martin mai ruwan ƙasa da ɗamara a ƙirji. Shahon da ya tsaya cak a iska yana kaɗa fiffike kestrel ne. Farin tsuntsu siriri da ke faɗawa ruwa da ka, yana kuka mai kaushi, Sandwich tern ne, kuma da yawansu gaɓar Afirka ta Yamma suka nufa, har Ghana.

In hanya ta ratsa garke, kada ka shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta, kuma ƙofar da ka buɗe ka rufe. Macijin Birtaniya mai dafi ɗaya ne, adder, mai baƙin zane kamar haƙoran zarto a baya. Yana shan hantsi a gefen ƙaya kuma gudu yake in ya ji motsi. In ya sari mutum ba tsaga ba ɗauri, sai asibiti. Daga Birling Gap tafiyar kimanin kilomita 2 za ta kai ka ƙauyen East Dean, inda bas 12 ke tsayawa.

Mataki na 8: Rubutu da duba jiki

Kafin ka hau bas ka cike littafinka: kwanan wata, wuri, lokaci, yanayi, iri da adadi. Don ƙidayar malam-buɗe-littafi a wuri ɗaya, ari tsarin Big Butterfly Count, ƙidayar da jama'a ke yi duk shekara a Birtaniya: minti 15, kuma ka rubuta adadi mafi yawa da ka gani a lokaci guda na kowane iri, don kada ɗaya mai kai-komo ya zama goma. In tafiya kake, ƙirga na cikin mita biyu da rabi a dama da hagu da mita 5 a gaba kaɗai. Abin da ka tabbatar ka shigar a iRecord Butterflies, na tsuntsaye a manhajar eBird ko BirdTrack. Abin da kake shakka ya tsaya a littafinka. Amsar da manhaja ta ba ka daga hoto shawara ce, ka gwada ta da littafi da wurin da kake da kuma watan da ake ciki.

A gida ka duba jiki don kaska: bayan gwiwa, ƙugu, hammata, matsematsi, bayan kunne. Ta nan ƙanana ce, wata ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, kuma tana iya ɗauke da cutar Lyme. Kama ta da hantsaki dab da fata ka ja sama a hankali, ba murɗawa, ba ƙonawa, ba shafa mai. Ka sa ido a wurin na wasu makonni. Littattafan kiwon lafiya na can suna cewa a nemi jan zobe mai faɗaɗa, amma a baƙar fata ba lallai ya fito ja ba, yana iya zama kamar tabon bugu mai duhu. In ka ga haka, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, ka ga likita ka gaya masa kaska ta cije ka da ranar da abin ya faru.

Wanda zai koma gida daga Oktoba ya tafi da littafin rubutun. Daga lokacin zuwa Maris, a dausayin Hadejia da Nguru, da wajen Dagona a Yobe, da gonakin da ke kewaye da Jos, zai sake cin karo da wheatear da whinchat da yellow wagtail da common sandpiper. Saitin madubi da taku goma a tsaya duk ba su canza ba. Sa'o'in ne za a gyara: tsuntsaye daga fitowar rana zuwa ƙarfe 9, malam-buɗe-littafi da hantsi kafin rana ta take, a nemi bakin fadama da wurin da shanu suka bar danshi.